Sa hannu a dosiye ko zaman tunani? Nazarin rahoton Laming (2003) da na Munro (2011) a kan bibiyar ma'aikatan kare yara

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala za ta duba rahotanni biyu da gwamnatin Ingila ta sa aka rubuta a kan aikin kare yara. Na farko shi ne na Lord Laming, wanda ya fito a watan Janairu na 2003 bayan rasuwar Victoria Climbié. Na biyu na Farfesa Eileen Munro ne, ya fito a watan Mayu na 2011. Ba dukan abin da ke cikinsu za mu bi ba. Tambaya ɗaya muka ɗauka: mene ne aikin shugaban da aka ɗora wa nauyin bin aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a, wato asistan sosiyal, lokacin da ran yaro ke cikin haɗari? Rahotannin biyu sun yarda cewa a wannan gaɓa ce aiki ya fi lalacewa, amma maganin da kowane ya bayar ya sha bamban da na ɗan'uwansa. Za mu nuna cewa Laming ya gano ciwon daidai, sai dai maganinsa ya faɗa hannun ofisoshin da suka mai da shi cika takardu. Munro kuwa ta fahimci yadda hankalin ma'aikaci ke yin kuskure fiye da Laming, amma ta bar tambayoyi biyu ba amsa, ta lokaci da ta iko.

1. Kalmar da abin da take nufi

Kalmar « supervision » iri ɗaya ake rubuta ta a Faransanci da Ingilishi, amma aiki uku take nufi, gwargwadon inda aka faɗe ta.

A Amurka da Ingila, littafin Alfred Kadushin na jami'ar Wisconsin, Supervision in Social Work (1976), shi ne madogara. Kadushin ya kasa aikin gida uku: na mulki (raba aiki, duba shi, tabbatar da bin doka), na koyarwa (ƙara wa ma'aikaci sani da gwaninta), da na tallafi (rage masa nauyin zuciya, domin aikin na ci rai). Mutum ɗaya ne ke riƙe da duka ukun, wato shugaban sashen da ma'aikacin yake ciki. A Faransa kuwa, yawanci an raba: shugaban sabis na riƙe da iko, sannan a ɗauko wani daga waje, galibi masanin halayyar ɗan Adam, ya riƙa zama da ma'aikata su tattauna abin da suka gamu da shi. Ana kiran wannan « supervision » ko « analyse des pratiques », kuma yana da dangantaka da zaman da Michael Balint ya riƙa shirya wa likitoci a Landan cikin shekarun 1950. A Faransancin ma'aikatun ƙasarmu ma'ana ta uku ce ta fi yawo: « mission de supervision » rangadi ne, mota ta taso daga babban gari, a duba rajista da kaya, a cika takardar tambayoyi, a koma.

A Hausa an saba fassara kalmar da "sa ido". Mun guje ta, domin ɗan sa ido ba mutumin kirki ba ne a kunnen Bahaushe, kuma ma'aikacin da ya ji ana sa masa ido ɓoyewa zai yi. Mun zaɓi "bibiya", mai yin ta kuma "mai bibiya", domin wanda ke bibiyar abu yana komowa kansa a kai a kai, ba ya barin sa sai ya ga inda ya kwana.

2. Abin da ya sami Victoria Climbié

An haifi Victoria a Abobo, kusa da Abijan, a 1991. A 1998 iyayenta suka ba da ita riƙo ga wata kakarta ta wajen uba, Marie-Thérèse Kouao, mai takardar zama ƴar Faransa, da fatan za ta samu karatu a Turai. Daga Faransa suka wuce Landan a watan Afrilu na 1999, yarinyar na ɗauke da sunan Anna a fasfo. Ba a taɓa sa ta lakwal ba a Ingila. Ta rasu ranar 25 ga Fabrairu na 2000, tana da shekara 8. Likitan da ya binciki gawarta ya ƙirga raunuka 128. A watan Janairu na 2001 kotu ta yanke wa Kouao da abokin zamanta Carl Manning ɗaurin rai da rai.

Abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne cewa yarinyar ba ɓoyayya ba ce. Ofisoshin jin daɗin jama'a huɗu sun san da ita (Ealing, Brent, Haringey da Enfield), haka asibitoci biyu, da rukuni biyu na ƴan sanda masu kare yara, da wata cibiya ta ƙungiyar NSPCC. An kwantar da ita sau biyu a watan Yuli na 1999. A asibitin farko aka ce tabon da ke jikinta ƙazwa ce, wannan magana kuma ta bi dosiyenta har ƙarshe. A na biyu an kai ta ne da ƙunar ruwan zafi a ka. Ofishin Haringey ya rufe dosiyenta a ranar da ta rasu, bisa zaton sun koma Faransa.

Inda rahoton Laming ya fi ƙarfi shi ne inda ya bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar da aka ba dosiyen a Haringey ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma tana riƙe da dosiye 19 alhali ƙa'idar ofishin 12 ce. Sau 4 kaɗai ta ga yarinyar, maganarsu kuma ba ta wuce gaisuwa ba. Yarinyar Faransanci take ji, amma ba a taɓa zama da ita ita kaɗai da tafinta an yi hira mai zurfi ba. Shugabar farko da ya kamata ta bi aikin ba ta cika samuwa a biro ba, kuma shaidu sun ce in an samu zama, sau da yawa hirar takan koma kan rayuwarta da imaninta. Bayan ita dosiyen ya ratsa hannun wasu shugabanni, ba wanda ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. An yi taron tsara bincike a Yuli, an sake yin wani a Nuwamba, kowane ya fitar da jerin ayyuka, akasarinsu ba a yi su ba, ba kuma wanda ya tambayi dalili.

Wani ƙaramin abu ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'aikatan asibiti sun lura cewa in Kouao ta zo, yarinyar takan miƙe tsaye ƙiƙam kamar soja gaban hafsa. Da labarin ya kai ga ma'aikaciyar, sai ta fassara shi da ladabin da aka san iyalan baƙaƙen fata na tsibiran Karebiyan da shi. Victoria kuwa ƴar Kodibuwar ce, ba ta da alaƙa da Karebiyan sai launin fata. Fassarar ta yi wa kowa daɗi, domin ta ɗauke wa kowa aiki. A nan ne ake bukatar mai bibiya ya ce: to in ba ladabi ba ne fa, in tsoro ne, me za mu gani? Ba wanda ya yi wannan tambaya.

3. Maganin Laming da inda ya kai

Laming tsohon babban sufeton ayyukan jin daɗin jama'a ne, kuma da idon sufeto ya karanta labarin. Hukuncinsa shi ne cewa doka ba ta gaza ba, aiwatarwa ce ta gaza, kuma laifi mafi girma na manyan shugabanni ne waɗanda suka ce ba su san abin da ke gudana a ƙarƙashinsu ba. Wannan hukunci adalci ne, domin al'adar binciken da suka gabata ita ce a ɗora kaya kan ƙaramin ma'aikaci. Ya ba da shawarwari 108. Game da bibiya, ya nemi a riƙa yin ta a kai a kai, mai bibiya ya karanta dosiye, ya duba shi, ya sa hannu. Kada a ba ma'aikaci dosiye sai an tabbata yana da horo da lokacin yin sa. Kada a rufe dosiye sai an ga yaron an yi magana da shi. Yaron da Ingilishi ba harshensa ba ne a nemo masa tafinta. Ya kuma nemi ma'aikaci ya riƙa sauraron iyaye da mutunci ba tare da ya gaskata duk abin da suka faɗa ba.

Ba mai hankalin da zai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matsalar tana ga irin ƙasar da iri ya faɗa. Tun 2000 gwamnati ta riga ta ƙayyade wa'adi: kwana 7 na aiki don binciken farko, kwana 35 don bincike mai zurfi. Ana kuma auna kowace hukumar gari da yawan dosiyen da ta gama cikin wa'adi. Bayan rahoton, dokar yara ta 2004 ta sake tsarin ofisoshi, aka kuma shimfiɗa tsarin kwamfuta mai suna ICS wanda ya yanka kowane dosiye zuwa fom-fom. Daga cikin abubuwan da Laming ya nema, sa hannu ne kaɗai ake iya ƙirgawa daga nesa. Sufeto na iya ganin an sa hannu, ba ya iya ganin an yi tunani. Saboda haka zaman bibiya ya rikiɗe ya zama bin jeri: wane dosiye ya kusa wuce wa'adi, wane fom ya rage. Binciken da Sue White, Karen Broadhurst, David Wastell da abokan aikinsu suka yi a ofisoshi a ƙarshen shekarun 2000 ya nuna yadda ma'aikata suka koyi dabarun rufe dosiye da wuri don allon kwamfuta ya daina nuna ja.

A watan Agusta na 2007, a wannan Haringey ɗin, Peter Connelly ya rasu yana da wata 17. Sunansa na cikin rajistar yaran da ake karewa, kuma ma'aikata daban-daban sun gan shi kusan sau 60. Wannan karon an je gida, an yi taro, an cika takardu. Abin da ya rage shi ne wani ya yi shakkar labarin uwar, wadda ke nuna haɗin kai a fili tana ɓoye mazan da ke zaune a gidan. Mutuwar Victoria ta nuna abin da rashin bibiya ke jawowa. Ta Peter ta nuna cewa bibiyar takarda kaɗai ba ta wadatar ba.

Sukar da za a yi wa Laming ke nan: ya ɗauka cewa in aka umurci shugaba ya karanta ya sa hannu, tunani zai biyo baya da kansa. Bai tambayi abin da umurni 108 za su zama ba in suka haɗu da wa'adi, da awon sufetoci, da tsoron jarida.

4. Gudummawar Munro

Munro ta zo daga wata hanya. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce wadda ta yi karatun falsafa, a lokacin tana koyarwa a makarantar LSE ta Landan. A wata maƙala ta 1999 ta bi rahotannin bincike 45 da aka yi a Birtaniya daga 1973 zuwa 1994 a kan yaran da aka zalunta. Ta samu cewa kurakuran suna maimaituwa, ana ma iya hasashensu. Ma'aikaci kan riƙe hukuncinsa na farko a kan iyali, ya riƙa karɓar abin da ya dace da shi, ya raina wanda ya saɓa. Yakan fifita abin da ya gani da ido ko ya ji da kunne kwanan nan a kan abin da ke rubuce cikin tsohon dosiye. Maganar ƙazwa a dosiyen Victoria misali ne cikakke, ko da yake maƙalar ta riga mutuwarta fitowa.

Daga nan hujjarta ta taso. In kuskuren daga yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke aiki yake, to gargaɗi da ƙarin ƙa'ida ba za su kawar da shi ba, domin mai kuskuren bai san yana yi ba. Ana bukatar wani mutum na biyu wanda bai shiga gidan ba, bai sha shayin uwar ba, bai ji tsoron uban ba, ya zauna da ma'aikaci ya sa shi ya fito da dalilansa fili, su gwada wata fassarar. Munro ba ta raina abin da gogaggen ma'aikaci ke ji a jikinsa ba in ya shiga gida. Ta ce a ɗauke shi a matsayin zato, sannan a auna shi. Wannan awon shi ne aikin mai bibiya.

Rahotonta na 2011, mai shawarwari 15 kacal, ya nemi a rage ƙa'idodi, a cire wa'adin da gwamnati ta ƙayyade, a buɗe wa gogaggu hanyar ci gaba ba tare da sun bar aiki da iyalai sun koma biro ba, a kuma riƙa binciken mutuwar yaro kamar yadda ake binciken haɗarin jirgin sama, wato a tambayi me ya sa matakin ya yi kama da daidai ga wanda ya ɗauke shi a lokacin. Ta yaba tsarin hukumar Hackney, inda ƙaramin rukuni ke riƙe da dosiye tare, ƙarƙashin gogaggen ma'aikaci, su tattauna kowane iyali kowane mako. A namu ganin wannan shi ne bayani mafi gamsarwa da aka yi a kan dalilin wanzuwar bibiya.

5. Inda Munro ta rage

Rauni na farko na lokaci ne. Zaman tunani tsada gare shi. Ma'aikaciya mai dosiye 19, da shugaba mai ma'aikata da yawa, in za su tattauna kowane yaro da zurfi, mako ba zai ishe su ba. Rahoton ya fito ne daidai lokacin da gwamnatin da ta hau a 2010 ke rage kuɗin hukumomin gari, kuma bayan shari'ar Peter Connelly yawan yaran da ake neman kotu ta raba da iyayensu ya ƙaru sosai. Munro ta san da haka, amma ba ta faɗi adadin dosiyen da ya wuce ƙima ba, ba ta kuma ce wane iyali za a bari ba in lokaci ya gaza. Michael Lipsky ya nuna tun 1980 cewa ƙaramin ma'aikacin da aka ba aikin da ya fi ƙarfinsa shi ke yanke wannan hukunci a ɓoye. Gwamnati ma rabi ta karɓa: ƙa'idodin 2013 sun haɗe binciken biyu suka zama ɗaya, amma suka bar wa'adin kwana 45.

Rauni na biyu na iko ne. Bibiyar da Munro ke so tana bukatar ma'aikaci ya ce "ban sani ba", ko "tsoron mutumin nan nake ji, shi ya sa ban koma gidan ba". Amma wanda zai faɗa wa haka shi ne mai rubuta masa maki a ƙarshen shekara. Kadushin ya hango wannan tun 1968, a maƙalarsa kan wasannin da ake yi cikin zaman bibiya: ma'aikaci ya yabi shugaba don a sassauta masa, ko ya mai da zaman hirar abota, ko ya zo da jerin ƙananan tambayoyi har lokaci ya ƙare ba a taɓa babban dosiyen ba. Shugaban ma na da nasa tsoron. An sauke darektar ayyukan yara ta Haringey, Sharon Shoesmith, a watan Disamba na 2008 bisa umurnin minista, kuma sai a Mayu na 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a bi ƙa'ida ba. Shugaban da ya ga haka zai nemi kariya, kariyarsa kuwa ita ce takardar da ke nuna an bi tsari. Munro ta yi kira da a daina al'adar neman mai laifi, sai dai minista da jarida ba sa ƙarƙashin rahotonta.

Ana iya cewa hanyar Faransa ta warware wannan, tunda ta raba mai iko da mai saurare. Ta sauƙaƙa faɗin gaskiya, amma ta haifi wata matsalar: wanda ya ji shakkar ma'aikaci ba shi da ikon ba da umurni a koma gidan gobe, wanda ke da ikon kuma bai ji ba. Faransa ma ta ga nata: Marina Sabatier ta rasu a 2009 tana da shekara 8 bayan malaman lakwal sun kai rahoto, kuma a watan Yuni na 2020 kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta samu ƙasar da laifin gaza kare ta.

Rauni na uku shi ne Munro ta ɗan yi wa ƙa'ida rowa. Victoria ba zurfin nazari ta rasa da farko ba. Ta rasa wanda zai karanta shafukan dosiyenta, ya kira tafinta, ya tambayi me ya sa ƴar shekara 7 ba ta zuwa lakwal. Waɗannan jeri ne mai sauƙi, kuma sabon ma'aikaci jeri yake bukata kafin ya samu idon gogagge. Inda ofis ya lalace kamar Haringey ta 1999, Laming ne ke da gaskiya.

6. Kammalawa

Rahotannin biyu amsa ce ga ofis iri biyu: wanda ba a yin komai a cikinsa, da wanda ake yin komai saboda sufeto. Mai karatu a Nijar na da dalili uku na kula da su. Na ɗaya, riƙo ne ya kai Victoria Landan, kuma riƙo al'ada ce da muka sani ciki da waje. Galibi alheri ce, shi ya sa ma'aikacinmu zai fi na Ingila saurin ganin ɗiyar riƙo mai sunkuyar da kai ya ce kunya ce da tarbiyya. Sanin al'ada ba ya tsare mutum daga wannan kuskure, wani lokaci ma shi ke jawo shi. Na biyu, ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, ta kafa kotunan yara da dokar 1999, kuma alƙalin yara da rahoton asistan sosiyal yake aiki. In ba wanda ya auna rahoton kafin ya iso, kuskuren mutum ɗaya ya zama hukuncin kotu. Na uku, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun nuna a littafinsu na 2003, Une médecine inhospitalière, kan cibiyoyin lafiya na manyan birane biyar har da Yamai, irin ratar da ke tsakanin ƙa'idar da ke rubuce da abin da ma'aikata ke yi. Rangadin cika takarda ba ya ganin wannan rata.

Shawararmu ga masu tsara horon ma'aikatan jin daɗin jama'a ita ce a koyar da bibiya a matsayin darasi mai zaman kansa, a kuma gina shi kan abu biyu a jere. Da farko gajeren jerin Laming: an ga yaron, an yi magana da shi shi kaɗai cikin harshen da yake ji, an karanta dosiye duka, an yi abin da taro ya ce a yi. Sannan tambayar Munro, wadda ya kamata a yi a kowane zama kuma a rubuta amsarta cikin dosiye: in hukuncinmu a kan wannan gida kuskure ne, wace alama ce za ta nuna mana, kuma wa zai je ya duba ta kafin zama na gaba? Batun haɗa iko da saurare a hannu ɗaya kuwa yana nan buɗe, kuma ya cancanci binciken fili a ofisoshinmu.